Shekara biyu muna maganin taifot, ashe ƙoda ce ke ciwo

Zuwa ga Likita mai amsa tambayoyin masu karatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne daga Gashuwa ta jihar Yobe game da mahaifina, dattijo mai shekara 63, manomin shinkafa a fadama, wanda tun tasowarmu ba mu san shi da kwanciya ciwo ba. Ni ne babban ɗansa, don haka duk shawarar da za a yanke kan jinyarsa a wuyana take, alhali ni malamin firamare ne, abin da na sani na asibiti bai wuce wanda wannan jinya ta koya mini ba.

Kimanin shekara biyu ke nan da Baba ya fara kukan kasala da ciwon kai da ɗacin baki. Duk lokacin da jikin ya matsa masa, sai mu kai shi ɗakin gwaji a ɗebi jini a yi gwajin Widal, a ce taifot ce da zazzaɓin cizon sauro, mai kemis ya haɗa allurai da ƙwayoyi, ya ɗan ji sauƙi na mako biyu ko uku, abin ya dawo. Sau biyar muka yi wannan zagaye, kuma a cikinsu babu ranar da wani ya ɗaura masa abin awon jini a hannu. Ni ma ban wanke kaina ba, domin na sha ganinsa yana shan haɗin gajiya idan ya dawo daga gona, ban taɓa tambayar abin da ke cikin ƙullin ba, sai daga baya aka gaya mini har da diclofenac, wani maganin rage ciwon jiki. Shi kuma kunya ta hana shi faɗa mana cewa yana tashi fitsari sau huɗu a dare, kuma fitsarin yana kumfa.

Bayan Babbar Sallah ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ma takan tashi da safe, sai na kai shi babban asibiti inda muka ga likitan cututtukan cikin jiki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin ya rubuta ko da ƙwaya ɗaya ya daɗe yana yi wa Baba tambayoyi, ya danna ƙafarsa, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya tura mu gwajin jini da na fitsari da hoton ƙoda da awon bugun zuciya. Jininsa ya kai 178 bisa 104, sukarinsa kafin karin kumallo 9.2, an sami furotin a fitsari, lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda kuma ta tsaya a 46. Ya yi mini bayani cewa daga 140 bisa 90 ake kiran abu hawan jini, daga 7 ake zancen ciwon sukari, kuma idan lambar ƙoda ta zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku, ciwon ya zama mai ɗorewa, amma maganar wankin ƙoda galibi sai ta sauka ƙasa da 15. Game da Widal kuwa, ya ce gwajin yakan nuna alama ga mutumin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tun da daɗewa, don haka ba a dogara da shi kaɗai. Ya ɗora Baba kan amlodipine da lisinopril na hawan jini, da metformin na ciwon sukari, ya hana shi haɗin gajiya.

To, Likita, ga inda na rasa mafita. Jinin ya sauka zuwa wajen 140 bisa 86, muka gode wa Allah, amma Baba ya kamu da busasshen tari mai hana shi barci, kumburin idon sawu bai tafi ba, kuma da aka maimaita gwaji lambar ƙodar ta koma 41. Wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya ta ce lisinopril ne ke jawo tarin, amlodipine kuma yakan kumbura ƙafa, ta ba da shawarar mu dakatar da su. Ni kuwa na tuna likitan ya ce lisinopril ɗin ne ke rage zubar furotin ya kare ƙodar. Shin wannan saukar lambar abu ne da ake sa ran gani a farkon shan maganin, ko alama ce ta cewa yana cutar da shi? Akwai wani maganin da ke yin aikinsa ba tare da tari ba? Ta yaya kuma za mu bambance kumburin da magani ya kawo da wanda ƙoda ko zuciya ta kawo? Haka nan metformin, an ce ana rage shi idan ƙoda ta yi rauni, shin Baba ya kai wannan matsayi?

Abin da ya fi damuna ma yana cikin gida. Baffana, yayan Baba, ya kawo wani jiƙo na sassaƙe a jarka, ya ce maganin Bature danne ciwo kawai yake yi, ai ga shi an ce Baba zai sha har ƙarshen rayuwarsa. Baba ba ya iya yi wa yayansa musu, ni kuma ba ni da bakin da zan ce wa Baffa a mayar da jarkar. Na lura tun da jinin ya sauka Baba ya fara tsallake ƙwayoyin safe, yana cewa ai ya warke. A garinmu da wuya ka sami unguwar da ba ta san jinyar ƙoda ba, mun kuma ga gidajen da suka sayar da gona saboda wankin ƙoda, amma duk da haka jiƙon ya fi ƙwaya daraja a idon manya. Ina roƙon ka yi bayani a fili kan haɗarin haɗa irin wannan jiƙo da ƙodar da ta riga ta yi rauni, domin Baffa yana girmama abin da aka buga a jarida fiye da maganar ɗan ƙaninsa, kuma da kaina zan karanta masa.

Sai batun abinci. An ce gishirin yini kada ya wuce giram 5, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, to yaya lissafin dunƙulen ɗanɗano da kanwa da bandar kifi, waɗanda tukunyarmu ba ta rabuwa da su? Mutumin da shinkafa ce nomansa kuma ita ce cimarsa, yaya zai yi da ciwon sukari? Idan gwiwa ta dame shi, farasitamol ya halatta gare shi? Ya kuma riga ya gaya mini cewa ba zai sha azumin bana ba, ko da likita zai ce me.

Ranar komawarmu asibiti saura mako shida, kuma ina son sanin ko za mu iya jira, ko tarin da saukar lambar sun isa dalilin da zan ɗauke shi mu koma tun yanzu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karatu daga Gashuwa