Bidiyon sama da ke ƙiftawa: ba laifin jirgin ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena masu ɗaukar hoto da ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda a wajen aiki muke ce wa diron, musamman na nan Gombe.

Yanzu kowa so yake a yi masa irin bidiyon nan da gajimare ke gudu, rana ta faɗi cikin daƙiƙa goma. Hotuna ne ɗai-ɗai ake jerawa. In za a nuna 25 a kowace daƙiƙa, bidiyon daƙiƙa 10 zai ci hotuna 250, in kuma tsakanin hoto da hoto daƙiƙa 2 ne, jirgin zai haura minti 8 yana sama. Duk waɗannan hotunan dole haskensu ya zo ɗaya, ko ya riƙa sauyawa sannu a hankali. In ba haka ba sai ka ga bidiyon yana ƙiftawa kamar ƙwan lantarki in wuta ta yi rauni. Shi ne ya cika Facebook da TikTok ɗinmu.

Kwanan baya wani yaro ya kawo mini aikin da ya yi a madatsar ruwan Dadin Kowa. Ya iya zaɓen wuri, ruwa ga shi shimfiɗe, duwatsu a can baya. Amma kana kallo idonka na ciwo. Wai shi zai sayar da jirgin ya nemi babba. Na ce buɗe mini saitin kyamarar, sai ga shi a oto, wato kyamara ce ke zaɓar saitin da kanta.

To ai a oto, kowane hoto kyamara sai ta sake auna haske da kanta. Jirgi ya ɗan karkata, sararin sama ya ƙaru a cikin hoton, sai ta rage haske. Gajimare ya tare rana, sai ta ƙara. A cikin gari ma ya fi muni, don rufin kwano yana haska ido, ga jama'a da fararen kaya in ranar Juma'a ce ko Sallah. Bambancin ba ya ganuwa a hoto ɗaya, sai an jera su sun gudu. Ko jirgin miliyan nawa ne, haka zai yi.

Kafin ka fara, mayar da kyamara manuwal, wato kai ne ke saita komai da hannu. Ka bar ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) a 100, ka tsayar da saurin shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) wuri ɗaya, sannan ka kulle ma'aunin launi. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma a hunturu yake kunyata mutum: hazo ya sa hoto ɗaya ya fito rawaya, na gaba ya fito toka-toka. Ƙananan jiragen kamfanin DJI samfurin Mini da yawancinmu ke riƙe da su ba a rage musu ƙofar haske, don haka da rana tsaka sai da baƙin gilashin nan mai rage haske, wato ND, a bakin kyamara. Ba shi da tsada in aka kwatanta da batir, amma kaɗan ne ke saye.

Faɗuwar rana ce mai wuya, don a nan hasken da gaske yake raguwa. Ni ra'ayina ka auna da sararin sama, ka kulle, ka bar duhu ya shigo yadda Allah ya kawo shi, ai magariba ce. Wanda ya nace sai ya riƙa gyarawa yana sama, to ya ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya zo ya daidaita a kwamfuta da manhajar LRTimelapse ko DaVinci Resolve. Da dare kuma a tuna wutarmu a Najeriya 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, don haka shota 1/50 ko 1/25 na daƙiƙa ya fi zama lafiya da fitilu, ko da yake janareto ba ya bin wannan doka kullum.

Af, akwai batun izinin tashi da diron daga hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma a nisanci filin jirgin sama na Lawanti da wuraren jami'an tsaro.

Su ma masu ba mu aiki suna da nasu kaso. Alhaji ya tsaya a kanka yana cewa ka sauko da jirgi ka ɗauki ango, alhali ko hoto ɗari ba a kai ba. In an katse, an katse ke nan, ba a ɗorawa, don kafin ka koma sama rana ta matsa. Mai son irin wannan bidiyon ya ware mana minti goma sha biyar da batir guda na musamman, ya kuma sa kuɗinsa a lissafi tun farko.

Na gode.

Wani mai ɗaukar hoto,
Pantami, Gombe