Hunturu ya shigo, a ajiye mana kara

Salam ƴan uwa, ya sanyi? Yau da asuba na leƙa waje hazo ya rufe gari, rana ta fito fari fat kamar faifai, kukar bayan gidanmu ta zubar da ganye tas, wallahi abin ya min kyau. Tunda an gama girbi don Allah kar a ƙona karan dawa duka, a ragewa yara su yi motar kara da tabarau irin namu na da, amma a kula ɓawon yana yanka hannu. Ni na samo ƙwarya biyu zan musu zane da wuƙa mai zafi. Asabar bayan la'asar kowa ya turo hoton nasa nan guruf.