Zuwa ga 'yata mai sasanta ma'aurata

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Tun da muka yi waya maganarki take yi mini yawo a ka, da kika ce kin fito daga zaman ma'auratan nan hannunki na rawa, kamar ki shaƙe mijin. Ki yi haƙuri da dariyar da na yi, ni ma a shekarata ta farko a aikin nan haka na sha fitowa.

Tun 1910 Sigmund Freud, shahararren likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Austriya, ya yi magana a kan yadda mai neman taimako kan fama wa likitansa tsohon miki. To, muryar wa mijin nan yake tuna miki? Ni tawa wata mata ce mai harara da tsaki sak wata yayata. Sai da na yi wata uku kafin na gane abin da ya sa nake yawan katse ta, ina barin mijinta yana ta zuba.

John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya auna bugun zuciyar ma'aurata suna tsakiyar gardama, ya ga idan ya haura 100 a minti ɗaya kunne ya toshe, sai an huta aƙalla minti 20 kafin jiki ya lafa. Ke ma fa zuciya gare ki. Da kin ji kafaɗunki sun ɗaure, bakinki ya bushe, ki dasa ƙafafunki a ƙasa, ki saki numfashi a hankali, ki sassauta murya. In abin ya ƙi, ki ce, "Mu dakata, kowa ya sha iska." Ba sai kin faɗa musu har da ke ba.

Kowannensu so yake ki zama alƙali ki ba shi gaskiya. Kika gyaɗa wa ɗaya kai sau biyu, ɗayan ya tsuke baki ke nan. Raini kam ki tare shi nan take, ko daga wa ya fito. In kuwa kin hango duka ko tsoro, ki daina haɗa su, ki ga kowa shi kaɗai.

Maganar mijin nan ki kai wa babba a wurin aikinku, ba ni ba, don sirrin mutane ne. Kuma ki daina jera irin wannan zaman biyu a rana ɗaya, na ji gajiya a muryarki.

Allah Ya yi miki albarka.

Mamanki