Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Walwala: Afrilu 2023 zuwa Maris 2024

Assalamu alaikum iyayenmu, dattawan ƙungiya, da 'yan uwa maza da mata mazauna Manchester da kewaye.

Tarukan sallah, darasin Hausa na yara ranar Lahadi da gudummawar jana'iza duk sun gudana yadda aka saba, ma'aji zai kawo lissafinsu daban. Aikin da ya fi cin lokacinmu da aljihunmu bana shi ne ciyarwa.

Mun shiga shekarar kasuwa na ci da wuta. A Maris 2023 tashin farashin abinci a Birtaniya ya haura kashi 19 cikin ɗari, irin wanda ba a gani ba tun 1977. Ƙungiyar Trussell Trust kaɗai ta raba ƙunshin abincin gaggawa sama da miliyan 3 a wannan shekara, fiye da miliyan ɗaya na yara ne. Mutanenmu da yawa ba sa cikin wannan lissafi, domin ba sa zuwa. Mai aikin kula da tsofaffi ko ɗalibin da bizarsa ta hana shi tallafin gwamnati zai biya haya, ya biya wuta da gas, ya aika gida, sannan ya yi shiru. A gida kuwa wa zai yarda akwai yunwa a Turai?

Shi ya sa muka sauya tsarin rabo. Da can sai mutum ya zo zaure ya yi layi ranar Asabar. Yanzu sunaye na hannun mutum biyu kawai, namiji da mace, kuma masu mota ke kai kaya har ƙofar gida bayan magariba. Tun daga nan masu neman taimako suka ƙaru. Rufin asiri rabin aikin ne.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lafiya. Yunwar nan ba ta ramar da mutum yadda muka san ta. Sau da yawa ƙiba take sa shi. 'Yan uwanmu ma'aikatan jinya da suka yi gwajin jini kyauta a taron hunturu sun tarar da hawan jini da alamun ciwon suga a jikin mutanen da ba su taɓa zargin komai ba. Wata uwa ta buɗe mana firjinta: burodi, lemon kwalba, soyayyen dankali na ƙanƙara. Ba rashin sani ba ne, abin da fam ɗinta ke iya saye ke nan, tana kuma tsallake abincin rana don yara su ƙoshi. Mu baƙar fata ciwon suga yana kama mu da wuri, ga ƙarancin bitamin D saboda rashin rana. Don haka muka rage biskit da gwangwani a ƙunshinmu, muka ƙara wake, shinkafa, ƙwai, alayyafo, kuka da daddawa.

Mun kuma zauna da iyaye muna cike takardu. Da yawa ba su san shirin gwamnati na Healthy Start ba, wanda a lokacin yake bai wa mai ciki ko yaro ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 4 fam 4.25 a mako don madara da kayan lambu idan gidan ya cancanta. Wasu ba su san cewa tun 2022 yaran da iyayensu ba su da damar tallafin gwamnati na iya samun abincin makaranta kyauta ba, in kuɗin shigar gidan bai wuce ƙa'ida ba. A ganinmu wannan zaman ya fi buhun shinkafa amfani, tunda ba ya ƙarewa da wata.

A shekara mai zuwa muna buƙatar ƙarin masu mota, da firji babba don ajiye ganye da nama. Wanda ya san gidan da ke cikin matsi, ya sanar da sakatariya a asirce, ba a dandalin WhatsApp ba.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren Kwamitin Walwala