Sanarwa: zaman Asabar kan bincike da shirin CERN

Assalamu alaikum ƴan uwa, ɗaliban lissafi da fiziks na aji uku.

Za mu zauna ranar Asabar da ƙarfe 4:30, bayan la'asar, a ɗakin gwaje-gwaje na fiziks. Magana biyu ce: furojet ɗinmu na shekarar ƙarshe, da shirin da CERN, babbar cibiyar binciken fiziks da ke Geneva a ƙasar Switzerland, ke yi wa ɗalibai duk shekara.

Cibiyar kan ɗauki waɗanda suka cika shekara 3 a jami'a kafin lokacin fara shirin, su yi mako 8 zuwa 13 suna aiki tare da masu bincikenta, har da alawus. Ƴan Afirka ma suna da damar nema, kuma akan rufe ne wajen ƙarshen Janairu. Ƴan lissafi, kada ku ce ba da ku ake ba.

Kowa ya zo da takardar sakamakonsa, da batun da yake son bincika ko da layi biyu ne, da sunayen malamai biyu da za su rubuta masa wasiƙar shaida. Don Allah a sanar da su da wuri, ba sai daren rufewa a tare malam a bakin ofis ba. Wanda ya iya Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya taho da kwamfutarsa ya ɗan nuna mana.

Mai uzuri ya faɗa kafin Juma'a.

Allah ya ba mu sa'a. Na gode.

Wakilin aji