Rangwamen Maki Ba Ya Raka Yaro Zauren Gasar Tallafin Karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana kan yadda ake ɗaukar yara a sakandaren da sai an ci jarrabawa ake shiga, da abin da ke biyo baya idan aka zo gasar neman tallafin karatu. Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda suka lashe irin wannan gasa, sai surutu ya tashi a Kaduna. Wasu su ce rangwamen makin da ake yi wa Arewa ne ya sangarta mana yara, wasu su ce son kai ake yi a can sama. A ganinmu duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Rangwame shigar da yaro makaranta kawai yake yi. Abin da ke sa ya ci gasa ko ya faɗi shi ne aikin da aka yi a kansa, ko aka ƙi yi, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji biyu na babba.

Iyaye da yawa ba su san yadda aka tsara ƙofar shigar ba. Makarantun haɗaka na gwamnatin tarayya, waɗanda suka haura 100 a faɗin ƙasa, irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali, da ta 'yan mata da ke Zariya, da ta kimiyya da fasaha da ke Kafanchan, suna ɗauka ne ta jarrabawar Kwaman Entirans da hukumar NECO ke shiryawa. Takarda biyu ce. Ta farko ta ƙunshi lissafi da kimiyya da Turanci da darasin zamantakewa, ta biyu kuma gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ce ta lambobi da ta kalmomi, kuma a 'yan shekarun nan jimillar makin 210 ne. Daga nan a raba gurabe uku: kashi 60 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki a ƙasa baki ɗaya, kashi 30 a raba daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma a ajiye don larura. Kashi 30 ɗin nan shi ne tushen rigimar. A jerin da aka fitar a 2013, lokacin da jimillar take 200, ɗan Anambra sai ya kawo 139, ɗan Kaduna 91, ɗan Kano 67, yaro namiji daga Zamfara kuwa 4. Babban lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki. Duk da haka raba gurabe tsakanin jihohi bai tsaya ba.

Mu ba ma cikin masu cewa a soke rabon. Yaron Birnin Gwari da rashin tsaro ya sa makarantarsa ta yi watanni a rufe bai yi tsere daga layi ɗaya da yaron makarantar kuɗi a Unguwar Rimi ba. Matsalar tana ranar da aka gama ɗauka. A aji guda za ka sami wanda ya shigo da 150 da wanda ya shigo da 60, a ba su littafi ɗaya da malami ɗaya da jadawali ɗaya, kamar dai bambancin ya ƙare a bakin get. Malami kuwa manhaja yake bi, don ita mai duba makarantu zai tambaye shi. Yaron da bai iya karanta sakin layi na Turanci ya faɗi abin da ya fahimta ba, ko bai riƙe jadawalin sau ba, zai lallaɓa zangon farko da kwafar allo. A aji biyu, da an shiga aljabra da lissafin da ake rubuta tambayarsa da jimloli, sai ya tsaya cik. Kafin aji ɗaya na babbar sakandare, ko a tura shi ajin adabi ba don yana so ba, ko ya zauna a ajin kimiyya yana hadda. Hadda tana iya kai mutum ga kiredit a WAEC, amma ba ta cin gasa.

Asalin ciwon a firamare yake, kuma mutanen Kaduna ba sa buƙatar a tuna musu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai kashi 75. Ko wane ra'ayi mutum ke da shi kan korar malaman da ta biyo baya, yaran da ke aji uku da huɗu a lokacin su ne ke rubuta WAEC da JAMB a 'yan shekarun nan. Akwai kuma ɗabi'ar wasu makarantun kuɗi ta tsallake aji shida, a tura ɗan shekara tara sakandare daga aji biyar ko ma huɗu. Iyaye suna murna yaro ya yi sauri. To a aji shida ne ake nanata kashi cikin ɗari da rabe-raben lamba, ga shi kuma yaron zai gama sakandare yana ɗan 15 alhali shekarun shiga jami'a 16 ne. Sai ya yi zaman shekara a gida, abin da ya haddace ya zube.

Dubi gasar da kanta. Cowbellpedia, wadda ta yi suna a kan lissafi, tana da zagayen da ake jero wa ɗalibi tambayoyi ya amsa iya abin da zai iya cikin daƙiƙa 60. InterswitchSPAK gasar kimiyya ce ta 'yan aji biyu na babbar sakandare, ana tankaɗe da jarrabawa a kwamfuta kafin a ɗauki 81 zuwa talabijin. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja tana shirya gasar Olimfiyad, wadda tambayoyinta ba su cika kama da na littafin aji ba. Abin da waɗannan ke nema shi ne sauri, da karanta tambaya sau ɗaya a gane ta, da saba hannu da kwamfuta. Galibi kuma ta hannun makaranta ake shiga. Idan firinsifal ko shugaban sashen lissafi bai ga sanarwar ba, ko ya gani bayan an rufe rajista, to haziƙin yaron ko zama bai yi ba, balle a ce ya faɗi. Kowace makaranta ya kamata ta ɗora wa malami guda alhakin riƙe kalandar gasa, da kulab na lissafi da kimiyya mai zama sau biyu a mako da agogo a kan tebur.

Wani kuskuren kuma shi ne auna makaranta da yawan waɗanda suka ci gasa. Wanda ya je kasuwar Zango a Tudun Wada ya zaɓo raguna masu ƙiba ba zai ce shi ya yi kiwon ba. A jihar Bajiniya ta Amurka akwai sakandaren kimiyya ta Thomas Jefferson. A 2020 aka soke jarrabawar shigarta da kuɗin fom na dala 100, aka ware gurabe ga yaran da suka fi ƙoƙari a kowace ƙaramar sakandare ta yankin. Da rukunin farko na sabon tsarin suka kai ajin ƙarshe, yawan waɗanda suka tsallake matakin farko na babbar gasar tallafin karatu ta ƙasar ya ragu da kusan rabi. Masu adawa suka ce an kashe makaranta. Amma malaman ba su canja ba, waɗanda aka ɗauka ne suka canja. Binciken da aka wallafa a 2014 kan manyan sakandaren Kenya, da wani kan na biranen Boston da New York, sun kwatanta yaran da suka shiga da kyar da waɗanda maki kaɗan ya hana su. Sakamakon jarrabawarsu na ƙarshe bai bambanta sosai ba. Wato suna da tarihin makaranta kaɗai ba su ƙara wa yaro maki. Wannan darasi ne ga masu cewa a tsaya kan maki zalla, darasi ne kuma ga masu zaton da an cusa yaro a babbar makaranta an gama.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kano. A 1977 aka buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ba daga firamare ake ɗauka ba, sai yaro ya yi shekaru a sakandare an ga kamun ludayinsa, sannan a yi masa jarrabawa ta musamman, a kai shi makarantar kwana mai ɗakin gwaje-gwaje da malaman fiziks da kemistiri. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can kowa ya san su. Mu ma muna da harsashin: Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921 ta zo Kaduna a 1938 ta zauna Zariya a 1949, da Alhudahuda, da ta kimiyya a Kufena, da Kwalejin Sarauniya Amina a Kakuri.

Ga shawararmu ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha. A ce makaranta tana da gurbi 230 a aji ɗaya. A ba da 115 ga waɗanda suka fi maki a jiha duka. Sauran 115 a raba wa ƙananan hukumomi 23, biyar-biyar, ga waɗanda suka fi maki a cikin kowace. Amma a nan akwai tarko. Idan da takardar shaidar ɗan asali za a yi rabon, ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a Barnawa yana makarantar kuɗi da malamin lesin a gida shi zai cinye gurbin Kauru ko Sanga, don kawai kakansa daga can yake. A yi rabon bisa firamaren da yaro ya zauna aji huɗu zuwa shida, da sa hannun hedimasta da sakataren ilimi, kuma aƙalla uku cikin biyar su fito daga firamaren gwamnati. A sa ƙasan da ba a sauka, misali kashi 40 na makin. Ƙaramar hukumar da ba ta cika biyar ba a mayar da ragowar ga jerin cancanta, a kuma rubuta sunanta a fili don shugabanta ya amsa tambaya. A kafe sunaye da maki a allon makaranta da shafin ma'aikata, saboda gurbin da ba a bayyana yadda aka cika shi ba nan ne katin manya ke shiga.

Bayan ɗauka sai babban aikin. A mako na biyu a gwada kowa a karatu da lissafin firamare, a ware masu rauni, a ba su awa ɗaya kullum bayan tashi: karanta labari da babbar murya a faɗi ma'anarsa, jadawalin sau har 12, rabawa mai tsawo, kashi cikin ɗari. Malami ya yi bayani da Hausa inda ya kama, ba laifi ba ne, muddin yaro zai rubuta amsa da Turanci. A sake gwaji ƙarshen kowane zango, wanda ya kamo a sallame shi. Aji kada ya wuce 40. A kuma buɗe ƙofa ta biyu bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, don yaron jeka-ka-dawo a Kubau ko Kachia da ƙwaƙwalwarsa ta buɗe a makare ya sami shiga ajin kimiyya. Sannan a ajiye makin da kowane yaro ya shigo da shi, a jera shi da sakamakonsa na WAEC bayan shekara shida. Makarantar da ta karɓi mai 70 ta fitar da shi da B a lissafi ta fi wadda ta karɓi mai 180 ta fitar da shi da A, kuma ita ya kamata a yi wa kyauta.

Iyaye ma akwai nasu. A Kwaman Entirans na'ura ce ke duba takardar amsa. Fensir HB ake so, a cike gurbin sosai, a goge kuskure tas. Yaro ya tsallake tambaya ɗaya bai tsallake layinta a takardar amsa ba, duk sauran amsoshinsa sun goce. A samo tsofaffin tambayoyi a saba masa da agogo tun zangon farko na aji shida. Can gaba kuma, tallafin jami'a yana duba abin da aka tara tun baya: kiredit biyar har da Turanci da lissafi, wasu su ce a zama ɗaya, Gidauniyar MTN tana neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5.0, asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, kuma kan nemi digiri mai daraja ta biyu ta sama. Ga shi a 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da tsarin da take tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungari, don haka masu neman sauran guraben sun ƙaru.

Takardu kuwa suna kayar da yaran da jarrabawa ba ta kayar ba. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, Muhammadu a NIN. Ko sunan gari ya zama sunan uba a wata takardar ya ɓace a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, don haka a daidaita komai da ita kafin rajistar WAEC a aji uku, saboda gyara bayan an buga satifiket yana cin kuɗi da watanni. A shagon intanet kuma a tsaya a kan mai cike fom a ga imel da lambar wayar da ya sa. Idan nasa ya sa don ya yi sauri, saƙon gayyatar jarrabawa wurinsa zai je, kuma wa'adin amsawa sau da yawa kwanaki kaɗan ne.

Wassalam.

Daga wasu tsofaffin malaman lissafi da kimiyya, Kaduna.