Kafin ɗalibi ya hau jirgi, a sama masa mai masauki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da hukumomin da ke tura 'ya'yanmu karatu ƙasashen waje a kan wata rana guda da ba a cika yi mata tanadi ba, wato ranar da ɗalibi zai sauka a ƙasar da bai san kowa ba.

Makon jiya na halarci walimar sallamar ɗan yayata a Tudun Wada, wanda ya samu gurbin karatu a Malesiya. An yi masa addu'a, an ɗaure masa kuka da daddawa da yaji, dattawa kuma sun yi masa nasiha a kan riƙe salla da guje wa abokan banza. Da na tambayi wanda zai tarbe shi a filin jirgi, sai aka yi shiru, daga baya mahaifinsa ya ce ai makaranta ta san da zuwansa. Wannan amsa ta tayar mini da hankali, domin ita ce aka ba mahaifiyata shekarun baya, lokacin da ni ma na tafi wannan ƙasa karatun digiri na biyu.

Na bar Zariya bayan sallar asuba, na hau jirgi a Kano, muka yada zango a Adis Ababa, sai washegari muka sauka a babban filin jirgin Kuala Lumpur da ke Sepang. A lokacin, ƙa'idar ita ce sabon ɗalibi ba ya wuce jami'an shige da fice sai wakilin makarantarsa ya zo ya karɓe shi. Wakilin ya zo, amma jiya ya zo, domin ranar tashina na aika musu maimakon ranar sauka, ban lissafa kwanan hanya da tazarar awa 7 da ke tsakaninmu da su ba. Haka na zauna a kan benci fiye da awa huɗu. Layin wayata na gida ba ya aiki, batirin ya mutu, cajar tana cikin babbar jaka, jakar kuma tana can gaba inda sai an buga wa mutum hatimi yake isa. Lambar jami'in makarantar tana cikin wayar da ta mutu, ban rubuta ta a takarda ba, kuma ko ringgit ɗaya babu a aljihuna da zan sayi ruwa.

Da aka fito da ni daga ƙarshe, dare ya yi, ofishin ɗakunan kwana ya tashi, mai gadi ya miƙa mini makullin ɗakin da babu komai cikinsa sai gado da katifa tsirara. Ina tsaye a ƙofa da jakunkuna biyu sai na ji an ce, "Malam, daga gida?" Wani bawan Allah ne ɗan Funtuwa da ke digirin digirgir, hular da ke kaina ce ta sa ya tsaya. Bai tambayi sunana ba sai da ya ɗauki jaka ɗaya. Ya kai ni gidansa, maiɗakinsa ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a wannan daren, ya ara mini zanin gado da kuɗin kashewa, ya ba ni wayarsa na kira mahaifiyata. Sha biyun dare ne a can, a Zariya kuwa ƙarfe biyar na yamma, kuma tun safe tana zaune a kan tabarma da waya a hannu.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne lokacin da na tashi rama sallolin da suka kuɓuce mini. Na tambaye shi inda rana take fitowa, na juya can na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai ya dafa kafaɗata ya juya ni, ya ce, "A nan gabas ɗinmu tana yamma." Mu da muka tashi muna kiran alƙibla gabas ba ma tunanin akwai ƙasar da Makka ke mafaɗar ranarta, ga shi kuwa har kibiya suke mannawa a rufin ɗaki domin nuna wa baƙo. Da asuba kuma ya gargaɗe ni tun a hanyar masallaci cewa mutanen ƙasar Shafi'awa ne, liman zai yi ƙunuti a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, kada in riga shi zuwa sujada. Shi ne ya riƙe hannuna a bakin titi, domin motocinsu hannun hagu suke bi, abin da Najeriya ta bari tun 1972, kuma idon ɗan Zariya ɓangaren da ya saba yake fara dubawa. Shi ne ya raka ni sayen layin waya, wanda sai an nuna fasfo, ya kuma tuna mini cewa gwajin lafiyar da ake buƙata yana da wa'adin kwana 7 daga sauka. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, ni kuwa a wannan rana na san haka a jikina.

Malam Edita, abin da ke damuna shi ne na samu wannan taimako ne bisa katari, alhali kakanninmu ba su bar irin wannan al'amari a hannun katari ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa shiga gari sai madugu ya san zangon da za a sauka da fatoman da zai karɓi ayari, ya ajiye kaya, ya nuna kasuwa. Ko a yau, yaron da zai zo Jami'ar Ahmadu Bello daga Yola ko Sakkwato ana ce masa in ya sauka Kwangila ya kira wane, ya kai shi Samaru. Me ya sa sai tafiyar da ta fi kowace nisa ce muke sakin yaro babu mai masauki? Na san akwai masu cewa wahalar ranar farko horo ce, namiji ba ya rasa dabara. Ban yarda ba. Na ga ɗaliban da tsoron daren farko ya bi su har ƙarshen zangon karatu, na kuma ga waɗanda hannun da ya fara miƙo musu taimako ba na kirki ba ne, suka bi shi domin ba su da wani. Ban da haka, yanzu 'ya'yanmu mata ma suna wannan tafiya.

Roƙona ga gwamnatocin jihohi da sauran masu ɗaukar nauyin karatu shi ne kada a miƙa wa ɗalibi tikiti sai an haɗa shi da suna da lambar wani takamaiman mutum da ya amsa cewa zai tsaya a filin jirgi, an kuma tabbatar makaranta ta samu ranar sauka da lambar jirgi. Zariya cike take da malaman da suka yi karatu a Malesiya da Masar da Indiya da Ingila, kuma zaman yini ɗaya da masu shirin tafiya ya isa su gaya musu abin da takardar shiga makaranta ba ta faɗa: a sa caja da katin rigakafin shawara da takardu a ƙaramar jaka, a canza ɗan kuɗi tun kafin a fita filin jirgi, a bincika dokar shiga da nama kafin a ɗaure kilishi, kuma kada a karɓi ƙullin saƙon da ba a buɗe an gani ba.

Ɗan yayata zai tashi ranar Laraba, ya sauka Alhamis in Allah ya yarda. Na samu wani ɗalibi ɗan unguwar Kongo ta nan Zariya da ke can ya yi alkawarin tarbarsa, na rubuta lambarsa a takarda biyu, ɗaya a cikin fasfon yaron, ɗaya a hannun mahaifiyarsa.

Naka,
Wani tsohon ɗalibi,
Samaru, Zariya.